Babi na Shida: Mai Sauraro a Inuwar Bedi

A farkon shekarar 2015, sanyi na tsaka da kaɗawa, wani kawuna ya dawo Zango daga Baga, daga shi sai rigar da ke wuyansa. Ya fi shekara goma a can yana fataucin bandar kifi, irin neman da ke kai mutanen ƙasar Daura bakin tafkin Chadi tun ba a haife mu ba. Ranar 3 ga Janairu 'yan Boko Haram suka afka wa garin. Wanda ya samu hanya ya gudu, wanda bai samu ba sai dai a bi shi da addu'a. Shi Allah ya ba shi hanya. Kwana uku gidan kakata bai rabu da jama'a ba, ana ta barka da arziki, ana cewa tun da rai ya tsira ai dukiya mai dawowa ce. Yana amsawa da godiyar Allah kamar kowa. Sai da 'yan barka suka ɗauke ƙafa aka fara lura da cewa ba rigar kaɗai ya dawo da ita ba.

Ba ya barci. In dare ya raba za ka ji shi yana zagaya tsakar gida, ya taɓa sakatar ƙofa, ya koma ɗaki, can kuma ya sake fitowa ya taɓa. Wata ranar kasuwa tayar babur ta fashe a bakin titi, sai ga magidanci da ya haura arba'in kwance rub da ciki a gaban teburin mai shayi, yara na ta dariya. Kifin da ya ci abinci da shi shekara da shekaru, ya zama ko a maƙwabta ake soya shi sai ya bar gidan. An yi masa abin da aka saba yi. An karɓo rubutu, an yi hayaƙi, wani malami ya yi ta zuwa yana ruƙiyya har kwana bakwai. Da wani cikin dangi ya ce ko za a gwada asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kakata ta ɗago kai daga carbinta ta ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne. Wanda ya sake faɗin wannan magana a gidan nan ban yafe ba." Ita ce da gaskiya kuwa. Yana sallarsa a kan lokaci, lissafin kuɗi ba ya kuskure masa, ya san kowa da sunansa. Lafiyar ce dai babu.

A bakinmu akwai "lafiya lau", akwai kuma "hauka". Tsakanin biyun akwai wani makeken fili da ba mu raɗa masa suna ba. Mukan ce iska ta taɓa mutum, ko tunani ya yi masa yawa, ko ya sa abu a ransa. A wannan filin masana halayyar ɗan Adam suke noma. Mutane kan haɗa su da likitocin ƙwaƙwalwa, alhali sana'a biyu ce. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi karatun likita, yana rubuta magani, yana ba da gado a asibiti. Shi kuwa masanin halayya jarinsa kunne ne da tambaya: ya zaunar da kai, ya ji yadda tunaninka ke tafiya, ya taimake ka ka warware inda ya harɗe. A Arewa irinsu ba su da yawa. Cikin 'yan kaɗan ɗin akwai wata da ta haɗa wannan sana'a da wata wadda muka fi sabawa da ita tun muna gaban murhu, wato ƙaga labari. Ita ce Dakta Fatima Akilu.

Karatunta mai zurfi a Ingila ta yi shi, inda Jami'ar Reading ta ba ta digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Ta yi aiki da matasan da ba su da wurin kwana da kuma masu lalurar ƙwaƙwalwa, sannan ta shafe shekaru tana koyar da fanninta a wata kwaleji da ke jihar New York ta Amurka. Da ta dawo gida sai ta shiga ofishin da ke kula da muradun ƙarni a fadar shugaban ƙasa, ofishin da Amina Mohammed ta jagoranta kafin ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Muradun nan guda takwas ne da ƙasashen duniya suka amince da su a shekarar 2000, suka ce za a cim musu kafin ƙarshen 2015: rage talauci da yunwa, sa kowane yaro a makaranta, rage mutuwar jarirai da ta mata wajen haihuwa, yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, da sauransu. Aikinta a can shi ne isar da saƙo ga jama'a.

Wanda ya taɓa riƙe takardar gwamnati a kan irin waɗannan manufofi ya san yadda take sa hamma. Ita sai ta mayar da su labaran yara. Kamfanin ɗab'i na Cassava Republic, wanda Bibi Bakare-Yusuf ta assasa da abokin aikinta a Abuja a 2006, shi ya buga jerin littattafan, Mustapha Bulama kuma ya yi zane-zanen. Akwai The Yellow Mosquito Net, labarin gidan sauro mai ruwan ɗorawa. Akwai Preye and the Sea of Plastics, a kan ledojin da suka cika mana kwata da gonaki. Akwai Timi's Dream Comes True, da Ngozi Comes to Town, da Aliyyah Learns a New Dance, da The Red Transistor Radio. Ko daga sunayen yaran ka san da gangan ta zagaya ƙasar, ta ɗauko wannan daga gaɓar teku, ta ɗauko wancan daga Gabas, ta zo Arewa ta ɗauki wata.

Ni dai ina da tsoron littafin da aka rubuta don ya koyar da darasi. Yaro ya fi babba saurin jin ƙanshin wa'azi, kuma da ya ji shi zai rufe littafin ya tafi wasan langa. Ƙanana ne littattafan nata, ba kuma zan jera su da Ruwan Bagaja ba. Abin da ya ja hankalina a kansu shi ne dabarar da ke ƙarƙashinsu, domin ita ce dai dabarar da matar ta ɗauka ta shiga da ita kurkuku daga baya. Mutum ba ya canza hali don an karanta masa doka. Amma in ka ba shi wani yaro mai suna, mai uwa, mai abin da yake tsoro, sai ya bi shi a baya har inda kake son kai shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin mai karatun Hausa. A littafin farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a shekarun 1930, me aku yake yi? Sarki ya tafi yaƙi, an bar ɗansa Musa a gida, waziri na ƙulla masa makirci a waje, shi kuma zuciyar samartaka na ingiza shi ya fita. Ba a ɗaure shi da igiya ba. Tsuntsu ne ya yi ta jan sa da labari, dare bayan dare, har gari ya waye bai fita ba. Saurayi mai zafin kai da ake so a hana fita fagen fama, magani kuma labari: in ka cire fadar da akun, aikin da aka ɗora wa Fatima Akilu ke nan a shekarar 2012.

A waccan shekara Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa Kanar Sambo Dasuki mai ba shi shawara kan harkokin tsaro. Shekara uku ke nan da kashe shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a Maiduguri, wutar da aka zaci an kashe a 2009 kuwa ta dawo ta fi da. An kai hari hedkwatar 'yan sanda da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a 2011, an yi wa Kano ruwan bama-bamai ranar 20 ga Janairun 2012. A cikin ofishin da ya cika da sojoji da jami'an leƙen asiri aka ba marubuciyar littattafan yara shugabancin sashen nazarin halayya da isar da saƙo. Aikinta ta tsara hanyar yaƙi da tsattsauran ra'ayi wadda ba ta bindiga ba. A watan Maris na 2014 aka ƙaddamar da shirin a bainar jama'a, wata guda kafin a sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok.

Ɓangaren shirin da ya fi jawo magana shi ne wanda aka yi a gidan yarin Kuje, kusa da Abuja, da fursunonin da ake zargi da zama 'yan ƙungiyar. An haɗa malaman addini da za su zauna da su a buɗe littafi a yi hujja da hujja, da masana halayya, da masu koyar da karatu da sana'a, har da zane da wasannin motsa jiki. Wasu ƙasashe sun riga mu gwada irin wannan, Saudiyya ma tana da cibiya guda a Riyad don wannan aiki. Abin da ke ƙarƙashin tsarin shi ne cewa ba ƙofa ɗaya mutane suka bi suka shiga ba, don haka ba ƙofa ɗaya za su bi su fito ba. Wani wa'azi ne ya ja shi. Wani an ba shi jari, ko an yi masa aure a lokacin da ba shi da ko kuɗin sadaki. Wani an kashe yayansa a gabansa ya shiga don ramuwa, wani kuma yaro ne da aka ɗauke daga gona. In ba ka san labarin mutum ba, ba ka san wace ƙofar za ka ƙwanƙwasa ba. A nan ne sana'o'in nata biyu suka zama ɗaya. Marubucin kirki ba ya yarda ya rubuta mugu wanda mugunta ce kawai a cikinsa tun daga shafin farko, sai ya nemo ranar da abin ya fara. Mai sauraron fursuna ma ranar yake nema.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa, kuma a gaban kawuna na faɗa. Yaya za a zaunar da wanda ya ƙone gari ana lallashinsa, ana koya masa ɗinki, alhali waɗanda ya kora suna kwance a sansanin gudun hijira suna layin garin masara? Wannan ƙorafi ya bi shirin Kuje, ya kuma bi wanda sojoji suka buɗe daga baya a Malam Sidi ta jihar Gombe, wanda aka ƙaddamar a 2016. Ƙorafi ne mai nauyi, ban kuma ga wanda ya amsa shi har zuciya ta kwanta ba. Iyakar abin da zan iya cewa shi ne dubban mutane ne, ba za a kashe su duka ba, ba kuma za a tsare su har abada ba. Wata rana za su fito su hau mota ɗaya da 'ya'yanmu. Tambayar da ta rage ita ce da wane kai za su fito.

Mu mutanen Zango ya kamata a ce mun fi kowa sanin cewa wanda aka kora yakan dawo. Bayan jihadi, da Malam Isiyaku ya karɓi Daura, gidan sarautar Haɓe ya fita, ƙasar ta rabu uku, Daura da Zango da Baure. Kusan shekara ɗari ana zaman doya da manja kafin Turawa su ɗauko Malam Musa daga nan Zango su mayar da shi gadon kakanninsa a farkon ƙarni na 20. Waɗanda kakanninsu suka yi wa juna barazana da mashi sun koma suna sallar Idi a fili ɗaya. Ba na kwatanta sarakunanmu da 'yan ta'adda, Allah ya kiyaye. Ina dai cewa zama da wanda aka yi gaba da shi jiya abu ne da ƙasar nan ta taɓa koya, kuma ba a kwana ɗaya ta koye shi ba.

A 2015 sojoji suka kuɓutar da ɗaruruwan mata da yara daga dajin Sambisa, aka kuma damƙa wa sashen nata kula da da yawa daga cikinsu. A nan aikin ya nuna wuyarsa ta gaske. Kowa ya ɗauka wadda aka ceto murna za ta yi. Wasu sun yi. Wasu kuwa sun fito da ciki ko da goyo, dangi na kallon jaririn a matsayin jinin maƙiyi, maƙwabta na nuna su da baki. Wasu a daji sun kasance matan kwamandoji, ana yi musu hidima, ana jin maganarsu, abin da ba su taɓa samu a gidan ubansu ba. Marubuciya Adaobi Tricia Nwaubani, wadda ita ma ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta a Jami'ar Ibadan kafin ta shiga rubutun ƙagaggun labarai, ta bi diddigin wasu daga cikin matan nan, ta ba da rahoton yadda waɗansu suka koma daji da ƙafarsu bayan an gama yi musu nasiha an sallame su. A 2018 ta fitar da littafinta Buried Beneath the Baobab Tree, labarin wata yarinya da aka sace. Duk mai cewa labari magani ne, to ya haɗa da wannan: wani lokaci labarin da aka ba mutum a daji ya fi wanda ke jiran sa a gida daɗi, kuma ba a gyara wannan da zaman nasiha kaɗai.

A watan Mayun 2015 ɗan Daura, Muhammadu Buhari, ya karɓi mulki. A watan Yuli aka sauke Dasuki aka naɗa Babagana Monguno, kafin shekarar ta ƙare kuma Fatima Akilu ta bar ofishin. Haka aikin gwamnati yake a ƙasar nan, in an canza mai gida sai a canza har tabarmar zaure. Ba ta koma Amurka ba. Ta kafa gidauniya mai zaman kanta, ta sa mata suna Neem.

Sunan ya burge ni, domin itacen da ke ƙofar gidan kowa ne. A Kano darbejiya, wasu su ce dogon yaro, wasu maina, mu a nan ƙasar Katsina da Daura bedi. Asalinsa daga Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo shi, amma yau wa zai ce baƙo ne? Ganyensa ɗaci kamar me, shi ake dafawa a yi wa mai zazzaɓi sirace. Rani ya ƙone komai, shi yana nan kore. A gindinsa ake shari'ar unguwa, a nan ake cinikin akuya, a nan tsofaffi ke zama daga hantsi har azahar. Ilimin da matar ta karanto ma baƙo ne mai ɗaci, ana kuma fatan ya yi saiwa kamar yadda bedi ya yi. Babban shirin gidauniyar a Borno shi ne na kai masu ba da shawara har inda mutane suke, unguwa unguwa da ƙauye ƙauye, maimakon a zauna a ofis ana jiran wanda ba zai taɓa zuwa ba. Wa zai ɗauki ƙafa ya je inda za a ce an gan shi a layin mahaukata? Sun kuma buɗe makaranta a Maiduguri mai suna Lafiya Sarari don yaran da rikicin ya shafa.

Me ake yi a irin wannan zama? Ciwon da ya kama kawuna yana da suna a littattafan likitoci tun 1980, lokacin da likitocin Amurka suka shigar da shi kundinsu bayan sun ga halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suke ciki. Bayaninsa a sauƙaƙe shi ne, abin da mutum ya gani cikin tsananin firgita ba ya ajiyuwa a kai kamar sauran abubuwan da suka wuce. Yakan tarwatse ya zama gutsattsari, ƙara a nan, wari a can, ba farko ba ƙarshe, ba kwanan wata. Shi ya sa in taya ta fashe a Zango, jikin mutum bai san cewa Baga ta wuce ba. Wasu masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, sun tsara wata hanyar magani da suka gwada da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, a ce wannan rayuwarka ce daga haihuwa. Mutum ya ɗora fure a inda ya ji daɗi, ya ɗora dutse a inda ya sha wuya. Ragowar igiyar a bar ta a naɗe, kwanakin da ba su zo ba ke nan. Daga nan a bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, a zama da yawa, yana faɗa ana rubutawa, ana karanta masa yana gyarawa, har abin ya tashi daga gutsattsari ya koma labari mai jiya da yau. A ƙarshe a miƙa masa takardar. Mutum ya zo a majinyaci, ya tafi da littafin da shi ne mawallafinsa.

Sai dai fa mu an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba ya kuka, mace ta yi haƙuri, wanda ya faɗi damuwarsa ya tona asirin gida. Akwai kuma masu cewa wannan duk ilimin Nasara ne, mai imani ba ya ciwon damuwa. Ga waɗannan sai in ce su nemi Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, wanda ya rubuta Masalih al-Abdan wal-Anfus. Fiye da shekara dubu da suka wuce ya ware babi a kan tsoro da firgita, da baƙin ciki, da fushi, da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma ba da shawarar a nemi mai hankali a yi magana da shi. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ya fassara sashen zuwa Turanci. A nan gida ma, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Malamin da ya yi wa kawuna ruƙiyya bai yi laifi ba. Da ma a ce bayan ya shafa addu'a akwai wanda zai zauna ya ce, to Malam, me ka gani?

Rashin mai yin wannan tambaya yana da farashi, mun kuma gan shi a ƙofar gida. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a cikin Daura suka fito da mutum 67, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa, makonni kaɗan bayan an bankaɗo irinsa a Rigasa ta Kaduna. An yi ta tsine wa masu gidajen, sun kuma cancanci a tuhume su. Amma iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Uwar da ɗanta ke shan kodin ko ƙwaya, yana sayar da tukwanenta, ina za ta kai shi? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Asibitoci irin su Dawanau da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato duk suna nesa da Zango. Dokar da ƙasar ta yi ta aiki da ita a kan masu taɓin hankali ta 1958 ce, gadon Turawa, har sai a watan Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a kan sabuwa. Kafin nan kuma an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020. An dawo da su bayan kwana shida, an yi musu barka da arziki. Na san irin wannan barka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da littattafan Dakta Fatima shi ne da Turanci ta rubuta su. Yaron firamare a Zango ko Baure, wanda gidan sauron ya fi shafa, sai an fassara masa. A gefe guda kuma muna da rundunar marubuta mata da ke rubutu da harshen da ake kuka da shi. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta rubuta Allura Cikin Ruwa, bayansu kuma ɗaruruwa sun biyo, daga 'yan littattafan kasuwa har zuwa masu sakin labari shafi shafi a WhatsApp. Kishi, saki, auren dole, matar da ta daina magana bayan haihuwa, duk suna ciki. Da yawansu kan buga lambar waya a bangon littafi, kuma duk wanda ya zauna da irin waɗannan marubuta ya ji yadda wayar ke ƙara da tsakar dare: "Anti, wallahi labarin nan nawa ne, ki ba ni shawara." Ba su karanta fannin ba, ba mai duba abin da suke faɗa, wata shawarar ta gyara, wata ta ɓata. Amma su ake kira, don su suka fara nuna sun san abin da ke cikin ɗaki. Masu ilimin suna Abuja da Maiduguri da Turancinsu, masu kunnen jama'a suna Kano da Funtuwa da Hausarsu. Ban ga ranar da aka zaunar da su a tabarma ɗaya ba tukuna.

Kawuna bai taɓa ganin masanin halayya ba. Bai koma Baga ba, yanzu hatsi yake saye da sayarwa a kasuwannin kan iyaka. Barci ya dawo masa a hankali, ko da yake har yau shi ke rufe ƙofar gida, kuma sai ya taɓa sakatar sau biyu. Wata ranar rani, shekara huɗu bayan dawowarsa, muna zaune a gindin bedin ƙofar gida ina ɓare gyaɗa, ba wanda ya tambaye shi komai, sai ya ce, "Ka san da asuba suka shigo?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya faɗi yadda ya ji ƙarar farko ya ɗauka daga barikin sojoji ne, yadda ya fito ba takalmi, yadda suka bi ta cikin ruwa da wani yaron shagonsa ɗan wajen Damagaram. Ya kai daidai inda ruwan ya kai musu ƙirji, sai ya yi shiru. Ban ce sai me ya faru ba, ko da yake maganar na kan harshena. Ya ɗebi gyaɗa ya murza a tafin hannu, ya hure ɓawon, ya daɗe yana kallon ta bai ci ba. Can aka kira la'asar. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Tashi mu je. Gobe na ƙarasa maka."